Saitin Muryar Anti

Tun hantsi Injiniya yake zaune gaban miksa, na'urar haɗa sauti, a can ƙarshen zauren taro. Bayansa na ciwo, fankar da ke saman kansa kuma juyawa kawai take yi, babu iska. Ya daɗe yana haɗa sauti a zauren nan, tun gashin kansa baƙi ƙirin. Miksar irin ta zamani ce mai allo. In ka daidaita wa mutum murya yadda ta yi daɗi, sai ka adana saitin da suna, ranar da ya dawo ka danna kawai komai ya koma mazauninsa.

Yau ta ƙi karɓar sabon saiti. Da ya danna adanawa sai allon ya ce wuri ya cika.

Ba wannan ne kaɗai ya zaunar da shi ba. Anti ce za ta yi wasa gobe. Mawaƙiya ce da a zamaninta sai an ƙaro kujeru a zauren nan, kuma kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ciwon maƙogwaro ya kwantar da ita, aka yi mata aiki, ta daɗe ba ta hau dandamali ba. Jiya ta kira shi ta ce, "Saitina na da nake so, Injiniya. Kar ka ce min ya ɓace."

Bai ɓace ba, yana cikin miksar. Sai dai a ina? A wancan lokacin ƙaninsa Auta ne yake adana fayiloli, kafin ya gaji da aikin ya buɗe shagon sayar da tayoyi. Injiniya ya gyara gilashinsa ya shiga karanta sunayen da aka bar masa: "gwaji", "gwaji kuma", "sabo", "sabo na gaske", "kar a taɓa", "mutumin nan", "mutumin nan ya dawo". Ya ɗauki waya ya kira Auta.

"Yaya, ina da masu saye fa," in ji Auta.

"Ni kuma ina cikin sharar da ka bar min. Wane ne mutumin nan?"

Auta ya fashe da dariya. "Wallahi na manta. Mai yawan tari ne dai, ina jin."

"To na Anti fa? Da wane suna ka ajiye?"

"Duba ruwan ɗumi."

"Me ya haɗa Anti da ruwan ɗumi?"

"Ina cikin rubuta sunan ta ɗaga murya a kawo mata ruwan ɗumi, hannuna ya bi kunnena. Yaya, ka kwashe su duka a filashi mana ka huta."

"Filashin da ka tafi da shi?"

"Af. Hotunan tayoyi ne a ciki yanzu."

Injiniya ya kashe wayar. Ba shi da wata dabara sai ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. In ya buɗe fayil sai maɓallan miksar su zame da kansu, wasu sama wasu ƙasa, shi kuma ya ƙura musu ido yana ƙoƙarin gane taron da aka yi. Makirufo ɗaya tal da aka ƙure wa ƙara, wannan na shugaban makarantar nan ne mai magana kamar ana bin sa bashin numfashi. Ya sake masa suna, ya sa "makaranta" a gaba. Na masu kiɗa ya sa musu "kiɗa", na jawabai "taro", domin kowanne ya bi 'yan'uwansa a jeri. Haruffan allon ƙanana ne, yatsunsa kuma manya, sai ya rubuta ya goge ya sake rubutawa. Waɗanda ya kasa ganewa ya goge su, babu ko tsayawa.

Ɗaya ne ya tsayar da shi, na wani mai ganga da ya rasu bara. Ya ɗan jima yana kallon allon. Gangunan ma ya ji iyalin sun sayar. Ya danna gogewa, ya tashi ya miƙe bayansa har ya yi ƙara.

Bayan la'asar Anti ta iso gwaji tare da mai fiyanonta. Ta rame, ta naɗe wuyanta da mayafi, tana hawa matakalar dandamali tana dafa bango. Amma da ta hango shi sai ta ɗaga hannu kamar da.

"Ƙanena, har yanzu kana nan a lungun nan?"

"Ina zan je, Anti? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Ka samo?"

"Na samo."

Ya buɗe saitin. Mai fiyano ya fara, ta ɗauki makirufo ta shiga waƙa. Abin da ya fito daga lasifika bai yi kama da murya ba, kamar mutum na magana ta cikin gwangwani. An yi saitin ne don siririyar murya mai ƙarfi da ke tashi sama, an rage mata kauri, an danne ta kada ta fasa kunne. Muryar da ke gabansa yau ta yi ƙasa, ta dushe, kuma duk abin da ya rage mata saitin ya yanke shi.

Ta tsaya. "Ba wannan ba ne."

"Shi ne, Anti."

"To ka taɓa shi."

"Ban taɓa ba."

"Sake buɗewa."

Ya sake. Ta sake gwadawa, ta matsa wa kanta ta haura inda take haurawa a da, muryar ta karye, tari ya sarƙe ta. Mai fiyano ya miƙa mata ruwa. Da ta huce ta dubi Injiniya daga nesa, ranta a ɓace.

"Na'urarka ta tsufa."

Ya gaji, yunwa na cin sa, bai sami wata lallausar magana kusa ba. "Na'urar tana nan yadda kika bar ta. Muryar ce ta sauka."

Mai fiyano ya sunkuyar da kai yana share maɓallan da ba su da ƙura. Anti ta ajiye makirufo a hankali, ta jawo kujera ta zauna ta juya masa gefe. Ya ɗauka tafiya za ta yi. Ya bar mazauninsa, ya bi tsakanin kujeru har gaban dandamali.

"Anti, ki ba ni ɗan lokaci. Kar ki tashi ma. Ki rera yadda kike rerawa a ɗaki in ba kowa, ni zan bi ki."

Ya koma gaban miksar, ya mayar da komai sifili, ya jira. Can sai ta ce wa mai fiyano ya sauko da sautin ƙasa, ya ƙara saukowa. Ta fara a zaune, kamar mai lallashin yaro. Injiniya ya maido mata kaurin da aka cire, ya rage kaifin da ke fito da dushewar, ya ja sautin fiyano baya, ya ɗan sa mata amsa-kuwwa domin ta rufe inda numfashi ya gaza. Suka yi ta yi, ta tsaya ya gyara, ya tsayar da ita ta maimaita, har hasken tagogi ya fara ja.

"Wannan tsohuwar wace ce?" ta tambaya, tana sauraren kanta. Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Amma dai ana jin abin da take faɗa."

"Har kujerar ƙarshe."

"To ajiye shi. Na da ɗin kuma ka goge. In yana nan, gobe ma sai na ce ka sake gwada min."

Ya yi yadda ta ce.

Washegari zauren bai cika ba. Ta yi wasanta a zaune, bai yi tsawo ba. Da ta zo wurin da ba za ta iya haurawa ba sai ta miƙa makirufo ga jama'a, suka rera mata, wasu a daidai wasu a karkace. Bayan an watse ta biyo ta wurinsa, mai fiyano na riƙe da jakarta. Ta ƙwanƙwasa gefen teburinsa da zobe.

"Mun fita kunya," ta ce, muryar da ƙyar take fita. "Sai dai bakinka, ƙanena, ba shi da birki."

Ya naɗe wayoyi, ya rufe miksar da ƙyalle, ya tafi gida kunnuwansa na ƙugi. Ya tarar da matarsa ta kunna rediyo tana guga. Ya roƙe ta ta ɗan rage. Ta dubi fuskarsa, ta kashe gaba ɗaya ta shiga ɗauko masa abinci. Kafin ta fito barci ya ɗauke shi a kan kujera, takalmi ɗaya a ƙafa.