Filaskon Mai Faci

"Ajiye bokitin nan!"

Mai Ɗinki ta tsaya cak, ruwa na zubar mata a ƙafa. Maƙwabcinta ne, tsoho Mai Faci, ya leƙo yana riƙe da ƙarfen taga don kada ya faɗi. Mutumin da likita ya hana ko tashi zaune!

"Baba, ɗan itacenka zan ba ruwa. Ganyen duk ya yi rawaya."

"Ashe ke ce! Tun da na kwanta nake ganin yana lalacewa. Filasko ne fa, ba jariri ba. Ruwa ya yi masa yawa, saiwar ruɓewa take."

Kunya ta kama ta. Kullum da safe sai ta kwarara masa bokiti guda, wai ita mai taimako. Ɗan tsiron ko gwiwa bai kai ba, yana jikin bango inda tsohon ya yi shekaru yana facin taya. Marigayiya matarsa ce ta shuka shi, kuma duk layin ba wanda ya san sunansa, ciyawar Baba kawai ake cewa.

"Tausayinku zai kashe mu ni da shi," in ji tsohon, yana haki. "Ni kun dame ni da sannu, shi kun dame shi da ruwa. Ki yi mini alkawari, 'yata. Ko bayan raina, ban da ɗigo."

"Na yi, Baba. Koma ka kwanta."

"Sai na ga dama."

Bai ƙara leƙowa ba. Satin bai ƙare ba ya cika.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Da rana tsaka Mai Ɗinki ta hango babban ɗan mamacin, wanda ya iso daga nesa bai tarar da uban ba, ya fito da bokiti, idanunsa jawur. Ta ture keken ɗinki ta fita ba takalmi, ta sha gabansa.

"Yaya, kada ka zuba."

"Itacen ubana ne. Bushewa yake!"

"Wallahi sai dai ka zuba a kaina."

Mata suka hau salati. Wata ta ce wannan wace irin marar imani ce, ranar makoki ta hana maraya shayar da shukar ubansa? Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, amma ko gezau.

"Shi ya hana," ta ce. "Da bakinsa, ta tagar can. Har ni ya kora."

Ɗan ya dubi tagar ya daɗe. Sai dariya ta ƙwace masa tare da hawaye.

"Halinsa ne. Ko ruwan sha ka miƙa masa sai ya ce yana da hannu."

Ya juye ruwan a kwata, ya kife bokitin a jikin bango. Mai Ɗinki ta zauna a kai, bayanta na jingine da tagar da ke rufe. Kusa da ƙafarta, ƙasar gindin filaskon ta fara bushewa.