Ƙarfen da Ya Yi wa Mai Kitso Yawa

Likitar ƙashi ta ɗora ɗan siririn ƙarfen ɗorin karaya a kan lafiyayyar kafaɗar mai kitso, daidai ƙashin da ya taso daga gindin wuya. Ƙarfen ya zarce ƙashin, bakinsa ya tsaya a iska.

"Kin gani ko, Mama? Wannan shi ne ƙaraminmu, amma ya yi miki yawa."

"To ni ce na yi kaɗan ke nan," in ji mai kitso. Ta so ta yi dariya, ɗaya kafaɗar da ta karye ta hana ta. Jiya ne ta zame a banɗaki, ta daɗe a ƙasa tana kira kafin maƙwabciya ta ji.

"Ba laifinki ba ne. Masu ƙera shi ƙasusuwan mutanensu suka auna, su kuwa dogaye ne. Namu ya fi gajarta, ya fi lanƙwasa. Sai na lanƙwasa shi da hannu a ɗakin tiyata."

"In na ƙi fa?"

"Zai haɗe, amma a karkace. Hannun ba zai daɗe a sama ba."

Mai kitso ta dubi yatsunta. Duk abincinta a kan mutane yake, hannu a sama tun safe.

Matar gadon kusa, wadda 'ya'ya suka kewaye da kwanuka, ta leƙo. "Baiwar Allah, ki yarda mana! Ni ƙarfe uku ne a ƙafata, ko maigidan bai kai su zama da ni ba."

'Ya'yan suka kwashe da dariya. Kujerar da ke gefen gadon mai kitso kuwa, jakarta ce a kai.

"Wa zai zauna da ke bayan aiki?" likitar ta tambaya.

"'Yata tana ƙasar waje. Aiki ya yi mata yawa." Mai kitso ta kira 'yar tata da safe, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta faɗi sunan ƙasar a hankali, kamar mai tsoron kada ta fasa shi.

Likitar ta juya ƙarfen, ta karanta ɗan rubutun da ke jikinsa. "Ikon Allah. Ai a can aka ƙera wannan."

Mai kitso ta miƙa lafiyayyen hannunta, aka sa mata shi a tafi. Sanyi gare shi, ba nauyi. Ta shafa ramukan da ke jikinsa da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yadda take laluben tsaga a kan yaro.

"Shi dai ya zo," ta ce.

Sannan ta miƙa wa likitar ƙarfen.

"'Yar nan, lanƙwasa shi yadda zai zauna. Kujerar kuma a ba 'ya'yan matar nan, na ga sun rasa wurin zama."