Gyaran Gida da Tsakar Damina

Tun rasuwar mijinta Malam Gali, Inna Hansatu take fama da ɗanta na fari, Munzali, a kan ya gyara mata rufin ɗakin girki da yake yoyo. Kullum amsarsa ɗaya ce: "In Allah ya yarda, Inna, bari damina ta wuce." Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, rufi yana nan yadda yake. Shi ya sa ranar da ya taso daga Kano, inda yake aiki, ya sauka a gidanta na Rano da matarsa Ramlat da yaransu a farkon dogon hutun makaranta, ga a-kori-kura a bayansu shaƙe da siminti da bulo, ba murna ce ta fara zo mata ba.

Ta tsaya a bakin zaure tana kallon ana sauke kaya. Da yake ba ta kiran sunansa, sai ta ce, "Kai, wannan fa?"

"Gyara za mu yi miki, Inna."

"Da tsakar damina? Ko ɗan koyo ya san siminti da ruwan sama ba sa ga maciji."

Ya yi 'yar dariya ya ce yanzu ne ya samu sarari. Amma bai yarda sun haɗa ido ba.

Washegari Gwadabe magini ya zo. Inna ta nuna masa ɗakin girki, ko ɗaga kai bai yi ya dubi rufin ba. Kai tsaye Munzali ya ja shi turakar marigayi, wadda take kusa da zaure, a rufe tun bayan sadakar arba'in. Suka auna faɗin ƙofa, suka auna tsayin dokin ƙofa, suka shiga banɗaki suka daɗe a ciki suna ƙus-ƙus. Da ta matso da kwanon kunu sai duk suka yi tsit, Gwadabe ya shiga yabon yadda masarar bana ta yi kyau.

Abin da ya fara zo mata a rai shi ne sayar da gida. Ta ga an yi wa wata maƙwabciyarta haka: 'ya'ya suka zo da fenti da fara'a, gida ya yi fes, kafin kaka ta yi an kwashe tsohuwa zuwa birni, wasu baƙi sun tare. Da yamma ta ritsa Ramlat tana tsince shinkafa.

"Ramlatu, tsakaninki da Allah, me mijinki yake shiryawa?"

Ramlat ta ƙara sunkuyar da kai cikin faifai. "Alheri ne, Inna."

"Alherin da ake raɗa a kansa?"

Ramlat ta ci gaba da tsinta. Inna ta ga har tsakuwar da ta tsince take mayarwa cikin shinkafar.

Da gari ya waye Munzali ya zo da wata sabuwa. Wai ƙurar siminti ba ta dace da mai hawan jini ba, gara su kai ta Kibiya wajen ƙanwarta Dije ta huta, yara ma su ga dangi. Inna ta so ta ƙi, sai ta tuna ba a kama ɓarawo sai an yi kamar ana barci. Ta ɗaure kayanta ta shiga mota.

Hanya ta yi shar, dawa da gyaɗa hagu da dama, duwatsu sun jiƙe suna ƙyalli. Yara a baya suna gardamar sunan tsuntsayen da suke bin shanun Fulani. Ita kuwa Inna hankalinta yana cikin motar. Kujerar gaba da aka ba ta an tura ta baya har ƙarshe, an kwantar da ita kamar gado, sai da Ramlat ta miƙo hannu da sauri ta ɗago ta. Ga wani warin magani irin na asibiti da turaren mota bai iya dannewa ba. Wayar Munzali ta yi ta ƙara, ya duba, ya kife ta a cinya.

"Ba za ka ɗauka ba?"

"Ina tuƙi, Inna."

"Yaushe ka fara jin tsoron waya a kan tuƙi?"

Ya ƙara wa rediyo murya.

A Kibiya abin ya ƙara ɗaure mata kai. Dije, wadda tun suna yara ba sa yini ba su yi cacar baki ba, ta koma kamar wadda aka bai wa ajiyar ƙwai. Ba ta barinta ta ɗauki ko buta. Miya babu gishiri. In Inna ta miƙe, Dije ta miƙe. Sau da yawa takan juyo ta kama ƙanwar tata tana kallonta da ido jajir, sai ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Da su Munzali suka koma Rano, Inna ta kira autanta Uzairu. Direban babbar mota ne, yana kai hatsi Fatakwal, rabonta da shi tun kafin azumi. Ƙaramar Sallah ya ce aiki ya riƙe shi, babbar Sallah ma haka. Shi ne ɗan da ba ta jin kunyarsa, kuma shi ne mai tayar da jijiyar wuya in an taɓa ta.

"Auta, yayanka gida zai sayar. Ya kawo ni Kibiya ya ajiye, yana can yana fasa turakar ubanku."

Ta zaci zai yi tsalle ya dire. Sai ta ji shiru. Da can in ya kira, da ƙyar take jin muryarsa saboda hon da ihun 'yan kamasho, yau kuwa har numfashinsa tana ji.

"Inna, ba zai sayar ba. Ki yi haƙuri da Yaya."

"Kunna mini hoton nan in ga fuskarka."

"Sabis ɗin nan ba shi da ƙarfi, Inna. Sai na dawo."

Ta ajiye waya. Ashe har da auta a ciki. To in ba sayar da gida ba ne, mene ne? Nan ta tuna zuwanta asibiti na ƙarshe, yadda likita ya juya harshe zuwa Turanci, shi da Munzali suka daɗe suna magana ita tana zaune kamar kayan wanki. Ta tuna yadda ƙafarta ta hagu take yin sanyi da asuba. Ta dubi miyar Dije marar gishiri. Sai ta raya a ranta, ashe ciwon nata ne ake ɓoye mata.

Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta jira ranar da Dije ta tafi suna a maƙwabta da hantsi, ta yafa mayafi, ta fita bakin titi ta tari motar haya.

Da ta isa Rano da ƙyar ta gane ƙofar gidanta. An fasa matakalar zaure, an zuba siminti ya gangaro sumul har bakin hanya. Dokin ƙofar turaka, wanda ta tsallaka tun tana amarya, babu shi. Ƙofar an faɗaɗa ta har mutum biyu sa shiga kafaɗa da kafaɗa. A banɗaki an kafa masai na zama, an ɗaura ƙarfe a bango daidai inda hannu zai kama. Rufin ɗakin girki kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Ta leƙa turaka, sai ga gadon ƙarfe mai mariƙi a gefe, irin wanda ake murzawa ya ɗago da mara lafiya.

Gwadabe ya ajiye cokalin gini ya durƙusa yana gaishe ta. Ta tambaye shi wa aka yi wa wannan aiki. Ya ce shi dai an ce ya yi, ya yi. Yana faɗa yana waigen ƙofa kamar mai neman ceto.

Ta zauna a bakin gadon ta jira. Ba a jima ba Munzali ya shigo da gwangwanin fenti, yana ganinta ya ƙame.

"Inna! Wa ya kawo ki?"

"Ƙafata, tun tana da sauran amfani. Ajiye wannan ka zauna." Ya zauna a ƙasa. "Ni ba yarinya ba ce. Na binne uwa da uba da miji, ban mutu ba. Me likita ya gaya maka a kaina? Shanyewa zan yi? Ka faɗa mini in san abin da zan roƙi Allah."

Ya ɗago a firgice. "Subhanallahi! Inna, lafiyarki ƙalau. Wallahi ba naki ba ne."

"To na wa ne?"

Ya kawar da kai. Ta dube shi, ga shi da ƙafafunsa. Ramlat tana tsaye a tsakar gida ta toshe baki da gefen hijabi, yara suna wasa a bayanta. Ta sake duban gadon. Sai muryarta ta yi ƙasa.

"Ina Uzairu?"

Munzali ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa simintin. Ya ce ana gab da azumi motar ta faɗi da shi a hanyar kudu, ƙashin bayansa ya taɓu. An yi masa aiki, ya rayu, hankalinsa garau, amma ƙafafun har yanzu ba su ɗauke shi ba. Likitoci ba su ce zai tashi ba, ba su ce ba zai tashi ba. Yanzu an sallame shi, yana so ya dawo gida. Sun so su gama gyara tukuna, sannan su samu liman ya zo ya shirya mata maganar a hankali, saboda hawan jininta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna. Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Hawaye bai zo ba tukuna. "Yana ina yanzu?"

"Yana gidana."

"Kano? Nan Kano? Duk watannin nan ina yi masa addu'ar hanyar Fatakwal, yana kwance inda zan je in dawo kafin la'asar?" Ta juya ga Ramlat. "Wa da wa suka sani?"

Ramlat ta fashe da kuka. Dije ta sani. Liman ya sani. Maƙwabta sun sani, har sun je dubiya a ɓoye.

"Wato duk Rano da Kibiya an san ɗana ya karye, sai ni da na haife shi." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Tashi ka tayar da mota."

"Inna, hadari ya haɗo, ki bari..."

"Ko duwatsu ake zubowa."

Ruwa ya same su a hanya. Har suka shiga Kano carbi kawai take ja, in Munzali ya rage gudu ta ce ya taka.

Ta samu Uzairu a falo a kan keken guragu, wani abokinsa da yake jinyarsa yana yanke masa farce. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Yana ganinta ya yunƙura zai durƙusa kamar yadda ya saba, jikin ya ƙi. A nan ne kukan ya ƙwace mata. Ta zube a gabansa ta rungume ƙafafun nan, tana shafa su tana tofa musu addu'a, shi ma yana kuka yana cewa, "Inna, ki tashi, ki tashi don Allah."

Da suka natsu ta share fuska ta nuna Munzali da baki. "Wannan kuwa, ban san ranar da zan huce da shi ba."

"Ba laifin Yaya ba ne," in ji Uzairu. "Tun ranar da na farfaɗo ya so ya je ya ɗauko ki. Ni na haɗa shi da Allah kada ya faɗa. Na ɗauka kafin Sallah zan miƙe in zo miki da ƙafata."

Inna ta juyo gare shi. Sannan ta miƙa hannu ta kama kunnensa ta murɗa, ba da wasa ba, har sai da ya ce wash.

"Kai ma da sauranka. Bari dai ka ji sauƙi."

Ba ta koma Rano ba sai da siminti ya bushe, suka tafi tare da shi. Tana kai shi gashin ƙashi asibiti da kanta, kuma duk likitan da ya fara Turanci a gabanta takan ɗaga hannu ta ce ya dawo Hausa, uwar mara lafiya tana nan. Dije ta zo ban haƙuri da ƙwaryar fura, Inna ta karɓi furar ta bar ta tsaye a tsakar gida har rana ta dake ta, sannan ta shimfiɗa mata tabarma. Wajen kaka babban yatsan ƙafar Uzairu ta dama ya fara motsi. Wannan karon ita ta fara gani, kuma kafin azahar ta aika an gaya wa kowa.