Jan Zare a Tayar Baya

"Ba ka buga ta da kyau ba. Sake."

Likitan Shanu ya sake ƙwanƙwasa wayar tayar da sifana, ransa in ya yi dubu ya ɓaci. Kwana huɗu ke nan da ya sayi babur ɗin, na hannu, mai dogayen ƙafafu da tayoyin shiga daji, amma ko bakin layi bai sake kaiwa da shi ba. Laifinsa guda ne: ranar da ya kawo shi ya tsaya gai da maƙwabcinsa.

Maƙwabcin kuwa Baba Sifana ne, tsohon makanike da ciwon suga ya cinye wa ido shekara shida da suka wuce. Yana zaune a bencinsa ya ji kukan injin, ya ce, "Kashe. Turo shi nan." Shi ke nan babur ya zama ɗan gidan Baba.

Ranar farko aka tsiyaye baƙin mai, tsohon ya murza shi a yatsu ya ce akwai garin ƙarfe a ciki. Rana ta biyu aka buɗe matatar iska, sai ga gidan zanzaro. Ta uku ta tafi a kan sarƙa da birki. Duk abin da Baba ya ce a buɗe sai an tarar da ɓarna, wannan kuwa shi ya fi ƙona wa Likita rai.

Ga Asabar tana matsowa. Ranar ce zai fara kai allurar rigakafi garkunan da ke bayan duwatsu, yankin da ya shekara biyu yana roƙon ofis a ba shi. An kuma faɗa masa ƙiri-ƙiri, in bai je ba za a ba wani.

"Baba, waya talatin da shida ce fa a kowace taya."

"Na sani. Ni na faɗa maka."

"Duk sai an bi su ɗaya bayan ɗaya?"

"Mai ƙarfi waƙa take yi in ka buga ta. Wadda ta saki kuwa sai ka ji ƙus. In guda ta saki a kan dutse, sai ta ja 'yan uwanta, taya ta lanƙwashe kana sama. Miƙo min ta baya."

Aka ɗora masa tayar a cinya. Ya bi wayoyin da yatsa, ya buga, ya karkata kai, ya yi tari, ya huta. Sau biyu sifanar tana suɓuce masa. 'Yarsa, wadda take ɗinki a ɗakin da ke kallon titi, ta tsayar da keke ta leƙo.

"Baba, ka shigo ka sha magani. Numfashinka fa."

"Saura kaɗan."

Likita ya dubi agogo. Bai karɓo allurai ba, bai sayi ƙanƙara ba, ga mutum yana sauraren ƙarfe kamar mai jin labarai a rediyo.

"Baba, wanda ya sayar min ya ce lafiyarsa ƙalau."

"Shi zai hau?"

"Haba Baba! Masu ido ma sun duba sun ce babu komai!"

Keken ɗinkin da ya ci gaba da ƙara ya tsaya cak. Likita ya kama tayar ya ja, Baba ya riƙe ta yana laluben wani abu da jan tsummansa na goge hannu, sannan ya saki. Likita ya ɗaura tayar da kansa, ya tura babur gida ko sallama babu.

Washegari ta ƙofar baya ya fita, don kada a ce masa "turo shi nan". Ya shafe safiyar a ofis yana cike takardu, yana kuma shirya kalaman ban haƙurin da zai yi in ya dawo daga tafiya. Da ya karyo kwanar layinsu da rana tsaka, sai ya ga takalma jibge a ƙofar gidan Baba.

A kan bencinsa Baba ya cika, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. 'Yar ta ɗauka barci yake yi.

Da yamma, bayan an dawo daga binne shi, ta tare Likita a ƙofa, idanunta sun kumbura. Ta miƙa masa ƙaramar sifanar.

"Tun safe ya sa na fito da shi, wai za ka biyo. Ya ce in ka zo a ce maka daga jan zare, saura goma sha ɗaya."

"Wane jan zare?"

"Ni ma ban sani ba, Likita. Abin da ya ce ke nan."

Kunya ta kama shi har ya kasa yi mata ta'aziyya yadda ya kamata.

Asabar da safe ya makara. Ya ɗaure akwatin allurai a baya, ƙanƙara ta fara ɗiga, wayarsa tana ta ruri daga ofis. Ya buga babur ya tashi tas. Yana cusa wandonsa a takalmi idonsa ya faɗa kan tayar baya: ga wani ɗan jan zare, ƙulli biyu, a jikin waya guda.

Ya yi tsaki. "Wannan tsoho, ko yanzu ba zai bar mutum ya tafi ba."

Ya kashe injin. Ya durƙusa da wandonsa mai guga, ya fara daga zaren. Ta ɗaya ta yi waƙa. Ta biyu ma, har ta shida. Ta bakwai ta ce ƙus. Ya kama ta da yatsu biyu, sai ga ta tana rawa. Ta takwas ma haka.

Ya daɗe yana kallonsu, wayar aljihunsa ta yi ruri har ta gaji. Sannan ya ɗaure su a hankali, kaɗan-kaɗan, ya ƙarasa ukun da suka rage. Zaren kuwa bai cire shi ba.

Ya koma kan ta bakwai ya buga, ta yi ƙara siririya. Ya karkata kai, ya juya wajen bencin da ke ƙofar maƙwabta, sifanar a hannunsa, yana jira.