Kiyashi da Rabon Malam

Zuhura na tsugune a bakin murhu tana hura wuta sai ta ji jaririyar 'yan haya ta tsala ihu. Ta yi goyo isasshe a rayuwarta, ta san wannan ba kukan yunwa ba ne. Kafin ta dafa gwiwa ta miƙe, uwar jaririyar, Balaraba, ta fito da ita tsirara tana kakkaɓe mata jiki da gefen zani.

"Inna, dubi bayan Anisa," in ji Balaraba. "Kiyashi na. Har cikin katifa sunka shiga."

Bayan yarinyar ya yi jajur, duk ya tattashi. Zuhura ta karɓe ta, ta shafa mata man kaɗanya tana tofa mata addu'a. Sai ga Aliyu, mijin Balaraba, ya fito da makullin babur a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma riƙe da wata leda mai farar hoda. Mutum ne mai ladabi, bai taɓa wuce Zuhura bai rusuna ba, amma yau gaisuwar tasa a gajarce ta fito.

"Inna, ki yi hanƙuri, abin ga ya kai inda ya kai. Tun da ruwa ya sauka ba mu da sakat. Na sawo magani. In na taso aiki da la'asar za ni bi gidan ga lungu-lungu in barbaɗa, har gindin randa."

Zuhura ta dubi ledar, ta waiwaya ta dubi kyanwarta da ke kwance a kan turmi tana lasar ƙafa.

"To, mussa fa?" ta ce.

"Sai ki kulle ta ɗaki."

"Ta taga take hita. Kuma hodar ba kwana guda take a ƙasa ba."

Aliyu ya dubi 'yarsa. Bai ce ɗiyata ta fi kyanwa ba, tarbiyyarsa ba ta kai shi can ba, amma maganar tana nan rubuce a fuskarsa. Zuhura ma ba ta ga laifinsa ba.

"Ka ba ni zuwa magariba," ta ce. "In ban raba ku da su ba, ka yi abin da kag ga dama."

Ya ce to, ya rataye ledar a ƙusa can sama, ya tura babur ya fita.

Ita dai wannan kyanwa ba wata kyakkyawa ba ce. Toka-toka ce, kunnenta ɗaya a yage, ga rashin godiya. Amma ta Malam Sirajo ce, mijin Zuhura, wanda ya rasu bara da kaka. Uwar kyanwar ta mutu ne a gidan nan a kan irin wannan hoda. Ta taka, ta lashe ƙafa, ta yi ta kumfa a gindin bango, Zuhura na kallo ba yadda ta iya. Malam ne ya raini 'yar da tsumma yana tsomawa a madara. Da ta girma sai ta riƙa zama a gefen buzunsa in yana karatu, shi ya sa ya raɗa mata Ɗaliba, yana cewa a duk waɗanda ya koyar a makarantar gwamnati har ya yi ritaya, ita kaɗai ce ba ta taɓa fashi ba. Yanzu ita ce abin da ya rage a gidan mai numfashi da ya san muryar Malam. Da ita Zuhura take hira. Ita take yi wa faɗa, ita take ba labarin tsadar barkono.

Ta shiga ɗaki ta kira babban ɗanta Auwalu a waya, wanda ke aiki a Gusau. Shi ne ya zuba 'yan haya a gidan don kada kaɗaici ya cinye ta, kamar dai ana hayar hira. Ba ta ambatar sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "kai".

"Kai, kana ji na? Za a sa magani gida, kuma ka san abin da yaf faru ga uwar mussar Malam."

"Inna, muna shirin shiga mitin ne," ya ce. Tana jin hayaniyar mutane a bayansa. "Ki bari su sa. Lahiyar yarinya ai ta hi. In wani abu ya samu mussar sai in kawo miki wata, sun cika muna ofis."

"To," ta ce. "Allah shi yi albarka."

Ta daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Ba mugun yaro ba ne, yana aike, yana zuwa da salla. Kawai dai a wurinsa kyanwa kyanwa ce.

Da hantsi ta saka hijabi ta tari Keke Napep zuwa kasuwa. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, masu hatsi sun lulluɓe buhuna da tamfol. Rabonta da kasuwa tun Malam na da rai, shi yake yo cefane. Ta ratsa cikin mutane ba wanda ya san ta, har ta kai rumfar wani dattijo mai sayar da maganin dabbobi da na feshi. Ta tambaye shi ko akwai maganin kiyashi da ba ya taɓa kyanwa.

"Hajiya, in na ce miki akwai shi a rumfar ga na yi ƙarya," ya ce. "Mussa da harshe take wanka. Duk abin da tat taka, cikinta za shi."

"To, mi za ni yi?"

"Ki bi sawunsu. Kiyashi ba su zuwa gaisuwa, abinci ka kawo su. Ki gano inda suka ci, ki ɗauke. Ki wanke hanyar da ruwan omo, ki liƙe ramin. Mi kike ajewa a ƙasa?"

"Ba komi," ta ce da sauri.

Dattijon ya ɗago ya dube ta, sannan ya koma kan awon da yake yi. Ta yi masa godiya ta juya. Ko tsinke ba ta saya ba, amma ta dawo gida da nauyi kamar ta ɗauko buhu.

Bayan azahar ta fara. Balaraba ta fito da katifa rana, ta goya Anisa, ta tsaya tana kallon tsohuwa durƙushe a ƙofar ɗakin hayar tana bin bango da ido. Ga su nan kuwa, jajaye, siriri, a jere. Sun fito daga wata tsaga a gindin bangon ɗakin hayar, wasu sun ɓalle sun shige ƙarƙashin ƙofa, amma ayarin na ainihi bai tsaya nan ba. Ya bi ta bayan randa, ya zagaye turmi, ya wuce madafi ko kallonsa bai yi ba. Zuhura ta so a ce madafin suka shiga. Da sai ta share, ta wanke tukwane, a wuce wurin.

Ta ci gaba da binsu da rarrafe, gwiwoyinta na ƙara, Ɗaliba na biye da ita tana shinshina ƙasa kamar da ita aka yi shawarar. Tun daga turmi Zuhura ta san inda za a ƙare. Ta sani tun a rumfar dattijon, in za a faɗi gaskiya ma ta sani tun kafin ruwa ya sauka. Ayarin ya miƙe sak zuwa ɗakin da ke kusa da zaure, ya shige ta ƙarƙashin labule.

"Ai ɗakin Malam na," in ji Balaraba. "Mi za su ci a nan? Littattahai?"

Zuhura ta ɗaga labulen.

Buzun na nan a shimfiɗe, ga buta, ga tabarau a kan taga. A gefen buzun kuma ga farin kwanon sha da langa mai ruwan ganye, an rufe da faifai. Faifan ya yi ja da kiyashi. Da ta ɗaga, tuwon dawa ne na jiya da miyar kuka, malmala biyu, ba a ko ganin tuwon sai motsi.

Tun ranar da aka kai Malam hannunta ya ƙi koyon awon mutum ɗaya. Kullum da yamma sai ta tuƙa na biyu, ta kwashe nasa a langarsa, ta kai inda ta saba kaiwa, ta rufe. Ta ce wa kanta na kyanwa ne. Da safe ta kakkaɓe 'yan ƙwarin da ta gani, ta gutsura wa Ɗaliba, sauran ta zubar a bola kafin 'yan haya su tashi. Yau kukan Anisa ne ya riga ta. Kyanwa kuwa ina za ta kai malmala biyu? Wanda ake zuba wa ya tafi, masu ci suka samu, suka kira dangi.

Balaraba ta dubi langar, ta dubi buzun, ta gane. Yarinya ce mai baki, amma wannan karon Allah ya ba ta ikon riƙe shi.

"Bari in ɗebo ruwa, Inna," kawai ta ce.

Kunya ta kama Zuhura, irin wadda ba ta ji ba tun tana amarya. Bayan kunyar kuma sai baƙin ciki, don ta ga jikin jaririyar mutane ne ya biya mata wannan ta'ada tata. Ta ɗauki langar da kanta ta fita da ita bayan gida, can wajen tsohon layin dogo, ta juye a gindin wata geza. Malam bai yarda a kashe ƙwaro in da yadda za a yi ba, har gero yakan zuba wa tururuwa ranar Juma'a, sadaka. Ta ce a ranta, to ga sadakar ƙarshe, ku ci a nan.

Su biyu suka yi aikin. Suka kaɗa omo a bokiti suka wanke hanyar tun daga ɗakin Malam har ƙofar Balaraba, suka matse lemun tsami a bakin ƙofofi. Zuhura ta naɗe buzun a karon farko, ta kakkaɓe shi, ta share ƙarƙashinsa. Ta kwaɓa laka da toka ta liƙe tsagar bangon, ta bi da yatsa ta shafe. Ɗan kaskon da Ɗaliba ke ci a ciki kuma ta ɗora shi a tsakiyar faranti ta zuba ruwa kewaye, yadda ƙwaro ba zai ƙetara ba. Kyanwar ta zo ta duba, ta taɓa ruwan da ƙafa, ta yarfe, ta harari uwar gidan.

"Harare ni da kyau," in ji Zuhura. "Don ke nika wannan wahala."

Aliyu ya dawo bayan la'asar. Ya zagaya gindin bango yana dubawa, bai ga komai ba sai 'yan tsiraru da suka ɓace hanya suna dawurwura. Ya tambayi matarsa daga ina suke fitowa.

"Wata tsaga ta," in ji Balaraba. "Inna ta liƙe."

Ya sauke ledar daga ƙusa, ya jujjuya ta a hannu.

"To, mu ga kwana biyu. In sunka dawo, Inna, ba ni da zaɓi."

"Ba su dawowa," ta ce.

Ya kulle hodar a akwatin babur ɗinsa. Ɗaliba na kan turmi tana lasar ƙafarta, ba ta san an yi shari'arta an gama ba.

Da rana ta yi sanyi Zuhura ta ɗora tukunya. Tana tunanin abin duniya, hannu na aikinsa, ba ta farga ba sai da ta ga ta kwashe tuwo a kwano biyu, nata da langa mai ruwan ganye. Ta tsaya a tsakar gida da langar a hannu, zafinta na ratsa tafinta. Ƙafarta ta riga ta juya wajen zaure. Ta daɗe a haka, har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa.

Sai ta juya ta nufi ɗakin haya, ta yi sallama.

"Ga tuwo, ki ba maigidanki."

Balaraba ta karɓa da hannu biyu. Ta san langar, ta kuma san ba a taɓa ba wani ya ci a cikinta ba.

"An gode, Inna. In mun gama za ni wanke in kawo miki."

"Bar ta wurinki," in ji Zuhura. "Gobe ki miƙo in zuba."

Labule ya sauka. Tana jin muryoyinsu a ciki, da ƙarar cokali a jikin langar, da gwalantun Anisa. Ta yi salla, ta zauna a tabarma ta jawo kwanonta, ta gutsura wa kyanwa a kasko ta kira ta. Ɗaliba ba ta zo ba.

Ta same ta a ɗakin Malam, zaune a daidai inda ake ajiye langar, ta naɗe wutsiya tana kallon ƙofa. Wurin ya bushe, sai ƙamshin omo. Zuhura ta tsaya riƙe da labule tana dubanta.

"Taso," ta ce a hankali. "Ba a kawowa nan kuma."

Kyanwar ba ta motsa ba. Zuhura ta koma ta ɗauko kwanonta da kaskon, ta zauna a bakin ƙofar daga waje, ta fara ci, tana jira.