Kuskure Na Biyu a Layi Ɗaya

A ofishin nan ana kiran mai gwaji Ban-Yarda-Ba, kuma wallahi sunan ya bi shi. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin tukuna.

Aikinsu manhaja ce mai duba abin da masu rubuta manhaja suka rubuta kafin kwamfuta ta karɓa: nan lamba ake so, nan rubutu, kada a cakuɗa. Sai dai tana da surutu. Mutum ya ɓata rubutun suna ɗaya a sama, sai ta cika masa allo da jan rubutu har ƙasa, tana zargin layukan da ba su ji ba ba su gani ba. Masu koyo kan yi ta gyaran inda lafiya lau yake.

Auta, ƙanwar mai kamfanin, ita ta ce za ta yi maganin abin. Yayan ya yarda, da sharaɗi: in gyaran ya shiga fitowar manhajar da ke tafe, sashen nuna kurakurai ya zama nata, in bai shiga ba ta koma amsa wayar masu ƙorafi.

Dabararta mai sauƙi ce. Duk inda aka kama kuskure sai a yi masa alamar an riga an faɗa, abin da ya jingina da shi kuma ya yi shiru. Ranar nunawa ta ɓata rubutun wani suna da gangan. Saƙo ɗaya tak ya fito.

"Ka gani, Yaya? Tsaf."

Ban-Yarda-Ba ya jawo kujera har tana ƙara. "Sauran fa, Hajiya? Ina kika kai su?"

"Ba kurakurai ba ne, Malam. 'Yan rakiya ne."

"Duka? Shirun nan ya yi mini yawa. Ara mini wurin."

Ya zauna, ya bar sunan da ta ɓata yadda yake. A layin dai, can gefe, ya cusa rubutu inda ake son lamba. Wannan laifi ne mai zaman kansa, babu ruwansa da na farko. Ya danna. Saƙo ɗaya ya sake fitowa, na sunan kawai.

Fanka na ta juyawa. Auta ta gane: alamar tata ta rufe bakin layin gaba ɗaya, har da abin da bai taɓa sunan ba.

"In mutum ya gyara na farko, na biyun zai fito ai," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"In ya gyara," in ji mai gwajin.

Ta dube shi da kyau. Ɗazu hannunsa bai yi lalube ba ko kaɗan, kai tsaye ya je wurin.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ni? Zato kawai na yi."

"Zato. Shi ya sa ka jira sai Yaya na tsaye."

Yayan ya shafa gemu, ya dubi wannan, ya dubi waccan. "Ba zai shiga wannan fitowar ba, Auta. Magana ce mun yi."

Ta tattara kayanta ta koma teburin da ke bakin ƙofa. Kafin ta zauna wayar ta fara ruri. Ta ɗauka ta yi sallama, idonta na kan mai gwajin, wanda har ya buɗe aikin nata a allonsa yana karantawa a nutse.