Rairayin Tambari

Shekarar da Nasara suka tashi cike hanyar mota ta bayan Ƙofar Taramniya, aka ce daga gonar da Bature ya yaba za a haƙi ƙasar cikon. Baturen nan ba ya shiri da rana, sai ya aiko tafintansa Hayatu, wai kowane mai gona ya kawo ƙwarya guda ta ƙasarsa.

Tambari magini gona ɗaya gare shi, ta gado, laka ce mai danƙo irin wadda magini ke mafarki. Ya ce wa matarsa Dije, "Wagga ƙasa in Bature ya taɓa ta, mun rasa gona." Ya tafi bakin gulbi ya ɗebo rairayi, ya yi ta cuɗawa da ƙasar da zai kai har ta daina kama hannu.

Dije ta ce, "Malam, ka ko tambayi irin wadda shika so?"

"Ke! Ni za a koya ma ƙasa? Tuƙa tuwonki."

Rashin sani ya fi dare duhu.

Muka taru a rumfar Bature. Ƙaton mutum, ga shi yana tankaɗe kamar mai shirin tuwo. Ya dama ƙasa, ya shafa cikin 'yar tasar tagulla, ya tsaga ta biyu, ya murza mariƙi, tasar na tsalle ƙwas-ƙwas, yana ƙidaya har tsagar ta haɗe. Ya ƙara ruwa ya sake. Wai so yake ya san ruwan da ƙasa za ta sha kafin ta zama kunu. Allah Ya raba mu da aikin wofi.

Ƙasar Malami, maƙwabcin Tambari, laka zalla, ta yi ta shan ruwa kamar raƙumi. Bature ya yamutsa fuska ya ture. Ta Tambari kuwa, ɗan ruwa kaɗan ta saki jiki. Tambari ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Hayatu ya ce, "Barka, Baba, taka anka zaɓa! Laka kumbura takai da damina, ta tsage da rani. Mai rairayi shika biɗa."

Tambari ya ce, "Wallahi rairayin gulbi na zuba! Ku zo ku gani!"

Bature ya yi dariya, ya ce duk mai gona haka zai faɗa, tagullarsa ba ta ƙarya.

Aka haƙe gonar kaf, aka cike hanya da laka. Ruwan farko motar Baturen ta nutse har ƙofa, sai da igiya aka jawo ta. Wawa biyu, asarar ɗaya ce ta daɗe. Garin gyaran gira Tambari ya rasa ido, gonar gado ta zama kududdufi.

Duk damina sai Dije ta leƙa ta ce, "Malam, bana ma gonarka ta yi kwaɗi."